Ramin da Na Haƙa Daga Kankia Zuwa Kusada

Ni ce na haƙa ramin, kuma da bakina na faɗa. Abin da ban sani ba shi ne akwai mai jiran maganar ta faɗo ya tsince ta.

A lokacin ina buga takardu a ofishin wata ƙungiyar manoma a Kankia, bakin titin Kano zuwa Katsina. Baba ne ya samo mini aikin, domin Alhaji, shugaban ƙungiyar, amininsa ne tun suna samari a garinmu Fakuwa. Muna da ƙaramin reshe a Kusada. Kwamfutocinmu tsofaffi ne, kafin ɗaya ta tashi kin sha kunu kin wanke kofi. Na cire musu manhajar da suka zo da ita, na sa irin wadda ba a saye, wadda kowa zai iya buɗe cikinta ya ga yadda aka rubuta ta. Suka farfaɗo.

Sunayen manoman da ake ba iri suna Kankia, gyaransu kuma daga Kusada yake zuwa. Sakatarenmu ne ke ɗaukar fayil a babur duk Alhamis, ya je ya dawo yana hura hanci, a kira shi a ba shi ruwa da kujera. Sai na ji labarin wata sabuwar VPN, wato hanyar sirri ta haɗa kwamfutoci ta intanet, da aka yi wa irin manhajarmu, mara nauyi, ko sabis ya yanke ya dawo takan kama da kanta. Kowace kwamfuta da nata makulli na dogayen lambobi. Na haɗa ofisoshin biyu. Abin da aka gyara a Kusada sai ya bayyana a gabana, ba tare da kowa ya hau babur ba.

Sakatare ya tsaya a kaina ya ce, "Malama, mi kika yi ma na'urar ga?"

Masu abin rami suke kiransa, ni ma sai na ce, "Rami na haƙa, Malam, daga nan har Kusada. Takardu na bi ta ciki, ba mai ganinsu."

Ya yi murmushi. Ni wawiya na ɗauka burge shi na yi.

Zaɓen shugabannin ƙungiya ya matso, Alhaji kuwa ko inuwarsa ba ya yarda da ita a kwanakin nan. Sakatare ya same shi ya ce, "Alhaji, ɗiyar amininka rami ta haƙa maka. Ita da mutanen Kusada, ta ce ba mai ganin abin da suke yi."

Alhaji ya kira ni. "Ɗiyata, ke kika ce kin haƙa rami?"

"Na ce, Alhaji, amma..."

Ya ɗaga hannu. "Tahi gida."

Rasa aikin bai ƙona ni ba kamar abin da ya biyo baya. Magana ta riga ni isa Fakuwa. Baba bai yi mini faɗa ba, bai ma tambaye ni ba, sai dai ya daina fita majalisarsu ta gindin bedi. Mutumin da ko zazzaɓi bai hana shi zama can ba, ya koma zaure shi kaɗai da rediyo. Na tsani sakatare a ranar, kuma ban ji kunyar tsanarsa ba.

Shi kuwa sakatare ya kira mai gyara ya ce a cike ramin. Mai gyara ya wanke kwamfutar tas, har da sunayen manoma. Ruwa ya sauka, mutanen ƙauyen Dudunni suka zo karɓar irin wake, ba takarda. Kwafin yana kulle a kwamfutar Kusada, makullin kuma yana kan ɗan filas na kwamfuta cikin jakata.

Alhaji ya aiko. Na bar ɗan aiken ya koma hannu rabbana. Na san shuka ba ta jira, kuma har yau ina neman gafarar manoman nan, amma kwana biyu na yi kafin na je.

Na ce, "Alhaji, ban buɗewa sai Malam ya je Fakuwa ya faɗa ma majalisar Baba ko wane irin rami ne."

Ranar Juma'a bayan la'asar sakatare ya je. Ina cikin zaure ina saurare. Ya tsuguna gaban dattawa yana in'ina, ya ce ramin na waya ne, shi ya juya maganar. Wani tsoho ya ce ai shi ya sa aka ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Baba ya fito da tabarmarsa ya shimfiɗa a wurinsa na da, ya ce, "Ba komi, Allah shi yafe mana baki ɗaya."

Haka kawai. Wata guda na zaman zaure, ya yafe shi cikin numfashi ɗaya. Baba ke nan, ni ban gado shi ba.

Na koma aiki, na sake haɗa ramin, aka raba iri. Na yi wa Alhaji makulli a wayarsa, na yi wa ma'aji, na yi wa mai kula da reshen Kusada. Sakatare ya miƙo tasa wayar.

"Malama, nawa fa?"

Na ce, "Haba Malam, ni in sa ka cikin rami?"

Alhaji yana zaune, ya duƙar da kai yana jan carbi. Har na bar wurin don aure, sakatare bai ga takarda ɗaya ba sai wadda na ga damar buga masa.