Miyar Jatan Lande a Bangkok

Ranar wata Laraba ce a cikin watan Yuli, da ƙarfe ɗaya da minti talatin da biyar na rana, a wata rumfar abinci da ke bakin kogi a birnin Bangkok na ƙasar Thailand. Mu uku ne a wurin: ni, da taubashina ɗan kawuna, sai wata tsohuwa mai rumfar. Shekaru sun wuce, har sunan unguwar ya ɓace min, amma abin da ya faru a rumfar nan ba zan manta da shi ba muddin ina numfashi.

A lokacin ina karatun digiri na uku a Manchester, ina zaune a unguwar Longsight. Kafin nan na yi shekara shida ina karanta labarai a wani gidan rediyo a Kaduna, aikin da ya bar min ɗabi'ar duba agogo a kan komai. Shi kuwa taubashin nawa yana Birmingham yana karatun injiniya, ɗakinsa a unguwar Aston. Na girme shi da shekara bakwai, amma da yake ni ɗan mace ne shi ɗan namiji, babu maganar girma a tsakaninmu. Bai taɓa ce min Yaya ba. Malam Agogo yake kirana, ni kuma in ce masa Baƙauye. Ranar da zai taso Ingila, kawu ya kira ni a waya ya ce, "Ga ƙanenka nan tafe. Amana na ba ka." Na ce in sha Allahu ba abin da zai same shi.

Da hutun ƙarshen shekarar karatu ya zo, muka samu tikitin jirgi mai sauƙi, kowa ya goya jakarsa a baya, muka nufi Bangkok. Ni na tsara tafiyar, kuma na tsara ta kamar yadda ake tsara shirin rediyo: ƙarfe kaza muna nan, ƙarfe kaza muna can. Abin da ya fi damuna shi ne abinci. A Longsight mutum ba ya tunanin halal, duk inda ya juya ga mahauci Musulmi. A Bangkok kuwa na karanta cewa naman alade har cikin romo ake sa shi. Don haka na sa wani ɗalibi ɗan ƙasar ya rubuta mana a kati, da harshensu, cewa ba ma cin alade. Sannan na kafa doka: inda ba mu ga rumfar Musulmi ba, abin ruwa kawai za mu ci, tunda shi ba ya bukatar yanka. Na ɗauka na toshe kowace kafa.

Kwana ukun farko mun sha yawo. Mun kwana a ɗakin matafiya mai gadaje hawa biyu, mun shiga jirgin ruwan haya da ke tsayawa tasha-tasha kamar bas, mun ga wuraren ibadarsu masu rufi ruwan zinariya, da wani gunki a kishingiɗe da ya fi tirela biyu tsawo. Mun ci shinkafa mai danƙo da mangwaro da madarar kwakwa, mun ci gasasshen kifi da aka lulluɓe da gishiri. Abu ɗaya ne taubashina ya ƙi taɓawa, wato jatan lande. Duk inda ya gan shi sai ya yatsine fuska ya ce, "Wannan ai kyankyason ruwa ne."

Dole in faɗi abin da ya yi min ranar Talata, domin shi ne ya ja komai. Muna hawa matakalar wata doguwar hasumiya, sai ya dafe ƙirji ya durƙusa ya ce zuciyarsa. Na sauka da gudu na sayo ruwa, na dawo ina haki, na tarar da shi tsaye yana ɗaukata bidiyo, yana dariya har da hawaye. Kafin la'asar 'yan uwanmu na gida duk sun gani. Na ce masa, "Ka ci bashi." Ya ce, "Malam Agogo, ƙarfe nawa za ka rama?"

Washegari muka zauna a rumfar tsohuwar nan, jakunkunanmu a ƙarƙashin tebur, don da yamma za mu hau jirgin ƙasa zuwa arewacin ƙasar. Na nuna mata katin, ta karanta ta gyaɗa kai, ta kawo mana miya mai tsami da yaji, tana ƙamshin ganyen lemun tsami, jatan lande manya-manya a ciki.

"Yau sai ka ci," na ce masa. "Ka keto duniya tun daga Funtuwa, ka zo bakin teku kana cin shinkafa da mangwaro kamar mai jinya."

"Ni dai a bar ni da ƙauyancina."

"In ka ci uku, na yafe bidiyon jiya."

Ya kalle ni, ya kalli kwanon, ya yi bisimilla. Na duba agogo, ɗaya da talatin da biyar. Ya ci na farko yana runtse ido, ya ci na biyu ya ce, "Kai, ashe abin da daɗi." Ya ci biyar.

Ɗaya da arba'in da ɗaya ya ajiye cokali ya fara susar wuya. Ya ce, "Maƙogwarona na ƙaiƙayi."

Ban ko ɗago kai ba. Na ce, "Barkono ne, Baƙauye. Sha ruwa."

Ya sha. Can ya ce harshensa ya yi masa nauyi. Na ce ai dama ya yi nauyin da mutane sun huta. Ya fara wani irin tari, ni kuwa na zaro wayata na saita shi, na ce, "Ci gaba, yau ni ne mai ɗauka. Ka faɗi ƙasa ma in kana so." Har yau bidiyon nan yana nan, daƙiƙa ashirin da biyu ne, kuma sau ɗaya tak na iya kallonsa. Ana jin dariyata a ciki.

Sai ya kamo hannuna ya ce, "Yaya, wallahi ba wasa nake ba."

Kalmar nan ta Yaya ita ta sa na sauke wayar na dube shi da idona. Leɓɓansa sun kumbura, fatar idonsa ta hau, wuyansa ya yi ruɗu-ruɗu irin na borin jini, numfashinsa na fita da wata 'yar ƙara kamar usur. Ɗaya da minti hamsin. Minti tara ke nan yana gaya min gaskiya ina yi masa dariya.

Tsohuwar ce ta fi ni hankali. Tana ganin fuskarsa ta saki ludayi, ta dafa maƙogwaronta, ta ƙwala wa wani ɗan acaba kira, wani magidanci mai riga ruwan lemu da ke fake a bakin titi. Na ce mata motar asibiti, da Turanci, sai ta nuna min titin. Motoci ne a tsaye cak, iya ganina. Ta tura mu kan babur, taubashina a tsakiya, ni a baya ina riƙe da shi. Jakunkunanmu, da fasfo da komai a ciki, muka bar su a ƙarƙashin tebur, kuma ban tuna da su ba sai bayan awa uku.

Ɗan acaban ya riƙa kurɗawa tsakanin motoci, gwiwoyina na gogar ƙofofinsu. Ina jin ƙirjin taubashina a tafin hannuna, yana ɗagawa da ƙyar, kansa na langaɓewa a bayan mutumin. Ina ta ce masa, "Ja numfashi, mun kusa," alhali ban san ko mun kusa ba. A nan ne wani abu ya same ni da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yanzu. Na karanta sanarwar rasuwa a rediyo ba adadi, na san yadda ake jera ta: sunan mamaci, shekarunsa, inda ya rasu, waɗanda ya bari. Sai na ji ƙwaƙwalwata ta fara jera tasa da kanta, da irin muryar da nake karanta labarai. Ina korar ta da salati tana dawowa. Na hango kawu yana ɗaga waya, na rasa da wace kalma zan fara.

Biyu da minti huɗu muka tsaya a ƙofar wani asibiti. Ma'aikatan ba su tambaye mu komai ba, suka ɗora shi a gado, wata ta soka masa allura a cinya ta cikin wandonsa, aka rufe masa hanci da baki da robar iska, aka ja labule. Da na waiwaya in yi wa ɗan acaban godiya, har ya tafi.

Bayan kamar minti ashirin likitar ta fito, mace ce mai jin Turanci, da takarda a hannu. Ta tambayi abin da ya ci da lokacin da ya ci, na faɗa mata. Ta ce yaushe ya fara ƙorafi, na ce ɗaya da arba'in da ɗaya. Ta ce yaushe muka taso, na ce ɗaya da hamsin da biyu. Ta rubuta, ta ɗago ta dube ni. Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Sannan ta ce kumburin ya fara sauka, amma za su riƙe shi zuwa gobe, don abin yakan dawo.

Da aka bar ni na shiga, na same shi fuska kamar an hura balan-balan. Ya janye robar ya ce da wata dusasshiyar murya, "To, Malam Agogo, ka rama. Amma ka yi yawa." Na so in yi dariya, sai kuka ya ƙwace min.

Da ƙarfe biyar na kira gida. Mahaifiyarsa ce ta ɗauka. Na gaishe ta, na ce yana lafiya yanzu, sannan na faɗi abin da ya faru. Ta ce, "Jatan lande? Ba shi ne kirefish ba?" Na ce danginsa ne, Umma. Ta yi salati ta ce yana shekara uku wata maƙwabciyarsu ta aiko musu da miya mai kirefish, ya ci, fuskarsa ta kumbura har aka kwana a asibiti. Tun daga ranar abin bai sake shiga gidansu ba. Na ce, "Umma, ai bai sani ba." Ta ce, "To ina shi ina kirefish? Karatu aka tura ku Ingila. Wa ya aike ku bakin teku?" Da kawu ya karɓi wayar na gaya masa har da minti taran, ban rage komai ba. Ya ce, "Allah Ya tsare gaba. Ku dawo."

Da safe na koma rumfar. Tsohuwar ta lulluɓe jakunkunanmu da leda saboda ruwan sama. Tana ganina ta dafa maƙogwaronta tana kallon idona. Na gyaɗa kai na yi murmushi, ta sauke ajiyar zuciya ta zauna a kan benci.

Abin da na koya shi ne, na tsare mu daga haram, na manta cewa halal ma ba kowane jiki ke karɓarsa ba. Na kuma koyi wanda ya fi wannan nauyi. Duk yawan wasan da ke tsakanina da mutum, in ya ce min jikinsa ba daidai ba, yarda nake fara yi. In ƙarya ce, ya yi min dariya, na ɗauka.

Ba mu je arewacin Thailand ba, muka dawo Ingila bayan kwana biyu. A Birmingham likitansa ya tura shi gwaji, aka tabbatar jikinsa ba ya karɓar jatan lande da ƙaguwa da danginsu. Aka ba shi allurar gaggawa guda biyu da yake yawo da su a aljihu duk inda za shi, ni kuma aka koya min yadda ake soka ta a cinya.