Altine Mai Gadin Rami

Duk wanda ya taɓa gangarawa bakin ruwa a Tungan Mati ya san Altine, in ma shi bai san shi ba to birkinshi ya san shi. Shi ne dattijon nan siriri mai riƙe da igiya a tsakar hanya, wanda in iska ta taso daga tabki sai matarshi Tamada ta bi shi da dutse ta sa mashi a aljihu. Ita ta faɗa, ba ni ba.

Igiyar ta jirgin ruwa ce, tun ta lokacin da yake fiton mutane zuwa Wara, kafin ciwon baya ya raba shi da filafilin tuƙi. Kai ɗaya a ɗaure jikin tsamiya, ɗayan a hannunshi, an ƙuƙƙulla mata jajayen tsummoki don kada wani ya ce bai gani ba. Aikin na ƙaramar hukuma ne. Kowane abin hawa, daga kabu-kabu har a-kori-kura mai ɗaukar bandar kifi zuwa Yelwa, sai ya biya kuɗin gyaran hanya, Altine ya yaga mashi tikiti, sannan igiya ta kwanta. Ba ma'aikaci ne na dindindin ba, ranar da anka ga dama ranar za a ce ya tafi gida. Da wagga igiya yake ci, da ita yake sayen maganin baya, kuma babu wani abu bayanta.

To, abin da baƙo bai sani ba shi ne, ba igiyar ke tsayar da mutane ba. Rami ne. Dab da tsamiyar akwai wani rami da ya cinye hanya tun daga wannan baki har wancan, ya bar wani ɗan siririn gefe da babur ke bi shina rawa. Da damina in ya cika, mata na wanke tukwane a ciki. An ce wani Bagunge masunci ya taɓa jefa taru ya kamo tarwaɗa, ni dai kan kifin kawai na gani. Duk gaggawarka dole ka taka birki a wurin, kana takawa kuwa Altine ya miƙo tikiti. Shi ya sa anka kafa shi nan tun farko. Da a kan hanya mai kyau ne, 'yan kabu-kabun garin nan sai su wuce da igiyar da tsamiyar da tsohon gaba ɗaya.

Kullum sai an tambaye shi: "Baba Altine, kuɗin da muke biya, yaushe za a gyara?"

Shi kuwa amsa ɗaya oganshi Mustapha na ofishin haraji ya koya mashi. "Shina cikin kasafi." Bara shina cikin kasafi, bana shina cikin kasafi. Har mutane sunka laƙaba wa ramin suna Kasafi. Sai ka ji mace na ce wa direba, "Ka bi ni a hankali in mun kai Kasafi, ƙwai na ɗauko."

A haka ake tafiya har ranar da Kasafi ya kama Enoch. Enoch shi ne shugaban 'yan kabu-kabu, ɗan maƙwabcin Altine, a gabanshi ya girma. Ya ɗauko wata tsohuwa da kwalin kifinta, gefen da ake bi ya zabtare, sunka antaya ciki. Tsohuwa ta karye a hannu, kifi ya koma ruwa karo na biyu, babur ya fito ƙafar gaba na kallon Shanga ta baya na kallon Ngaski. Washegari 'yan kabu-kabu sunka yanke magana: ranar kasuwa ba mai biyan tikiti. Abin da za su biya za su haɗa su sayo marmara, jar ƙasar nan ta yin hanya, cikin tifa, su yi gayya su cike ramin da hannunsu.

Magana ta kai ofis kafin shayi ya huce. Mustapha ya zo da kanshi, ya tsaya nesa da laka saboda takalminshi.

"Altine, hanyar gwamnati ce. An ba da kwangilarta a takarda. Ba mai zuba ko cokalin ƙasa a ciki."

"Ranka ya daɗe, yaran nan sun fi ƙarfina."

"In anka cike ramin nan, wa zai tsaya maka? Ka yi tunani. Ranar da Kasafi ya rufe, ranar ka naɗe igiyarka ka kai gida."

Da Altine ya gaya wa Tamada, ta aje muciya ta dube shi. "Malam, mutane na gadin banki, suna gadin gidan mai. Kai rami anka ba ka?"

"Rami ke ciyar da ke."

"To Allah ya sa kada ya cinye mani miji."

Ranar kasuwa da hantsi munka ji ƙugin tifa daga kan tudu. Tifar Bashiru ce, wadda duk garin ya san birkinta sai da addu'a. A bayanta babura sun fi ƙudan mahauta yawa, kowa da shebur ko kwano. Masu shayi sunka bar shayi, masu banda sunka bar wuta. Hanyar kuwa gangare ce har cikin tabki.

Sai Altine ya miƙe. Ya tuɓe takalmi ya jera su gindin tsamiya, ya naɗe wando, ya shiga ramin da igiyarshi a hannu. Ruwa ya kai mashi cinya. Ya tsaya a tsakiya cak.

Enoch ya sauko daga baburin aro, goshinshi har yanzu da filasta.

"Baba, fito."

"Ba ni fitowa, ɗana."

"Baba, ba da kai muke ba."

"Da ni kuke. Ku dai ba ku sani ba."

Wani daga baya ya ce, "Shi ke ƙara haƙa shi ai. Ku tambaye shi ina yake kai ƙasar." Wannan ƙarya ce, mutumin da ba ya iya duƙawa ya ɗaura takalmi ina shi ina haƙa. Amma taro ba ya tambayar ƙarya daga ina ta fito. Nan da nan anka ɗauka. Wani ya ce a fito da shi da ƙarfi, wani ya ce a bar shi a zuba, a huta da rami da mai rami. Wani ɗan dunƙulen laka ya taso daga cikin mutane ya faɗa ruwa kusa da shi. Altine ya bi wurin da kallo, bai motsa ba.

Bashiru kuwa ya riga ya juya tifa, shina tahowa da baya. Madubinshi ɗaya ne, shi ma sama yake kallo. Ana ta bugun bodi ana cewa ya tsaya, shi ya ɗauka ana cewa ya ƙaro. Tifa ta gangaro, ta gangaro, sai munka ji birki ya yi wani kuka awa akuya, tayoyin baya sunka ci gaba da silalowa kan laka. Enoch da wasu mutum biyu sunka ruga sunka cusa duwatsu ƙarƙashin taya. Ta tsaya a bakin ramin, inuwarta ta rufe Altine. Ƙofar baya ta ɗan buɗe, marmara ta fara zubowa kaɗan-kaɗan kan hularshi.

Tamada ta keto taro, gyale a hannu. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Enoch, ni na goye ka ranar da innarka ke zazzaɓi. Ka dube shi da kyau."

Enoch ya tsuguna a bakin ramin, ya rage murya, amma mu da ke kusa mun ji. "Baba, duwatsun nan ba za su riƙe ta da daɗewa ba. Tsohuwar nan hannunta a ɗaure yake. Gobe wani ne zai mutu a nan. Mi kake so in ce wa mutane?"

Altine ya dubi tifa, ya dubi tudun jar ƙasar da ke kanta.

"Duka za ta shige cikin ramin?"

"Za ta yi saura."

"To saurar tawa ce."

"Mi za ka yi da ita?"

"Ku cike raminku. Saurar ku jibge mani ita nan gaban tsamiya, daga wannan baki zuwa wancan. Ku yi mata doro. Ku daddaɓe."

Enoch ya dube shi. Sai ya sunkuyar da kai, kafaɗunshi sunka fara girgiza don dariya. Ya miƙe ya juya ga mutanenshi. "Baba ya ce a yi tudun rage gudu, saboda mata da ke tsallakawa da kaya." Wasu sunka yi gunaguni, don ba wawaye ba ne, sun gane inda maganar ta dosa. Amma tifa ta sake motsawa, dutse ɗaya ya fashe ƙarƙashin taya, ba wanda ya tsaya gardama. Enoch ya kama bakin igiya ya jawo tsohon waje, shina fitowa marmara ta rufto daidai inda ya tsaya.

Kafin azahar Kasafi ya rufe. Gabanshi kuwa ga wani doro, in ka hau kanshi kana hango kasuwar Yelwa. Altine da kanshi ya tsaya shina cewa a ƙara nan, a ƙara can, wandonshi na ɗiga.

Mustapha ya iso da la'asar, fuska a murtuke. "Ina ramin da na bar maka?"

"Ranka ya daɗe, ga shi nan, juya shi munka yi."

Kafin Mustapha ya buɗe baki sai ga a-kori-kura ta taho a guje, direba na murnar sabuwar hanya. Ya hango doron, ya taka birki har kwalaye sunka rungumi juna. Altine ya ɗaga igiya, ya miƙa tikiti. Direba ya zage shi, ya zagi tudun, ya biya. Mustapha ya kalli wannan, ya kalli na bayanshi ma ya tsaya. Sai ya ciro waya ya ɗauki hoton hanyar ta gefen da ya fi kyau, ya ce a matsar da shebur ɗin 'yan kabu-kabu daga ciki, don a ɗauka aikin kwangila ne. Bai ce a naɗe igiya ba.

Altine na nan gindin tsamiya har yau. 'Yan kabu-kabu na biya, suna ƙunƙuni, ban da Enoch da ke rage gudu ya ce, "Baba, ya doro?" Shi kuma ya ce, "Wanne, nawa ko na gwamnati?" In ruwan sama ya zaftare tudun kuwa, da sassafe za ka ga Tamada da kwanon ƙasa a kai tana ƙara mashi tsawo, mijinta na tsaye shina nuna mata wuri da sanda.