Ranar Da Na Kai Tsohuwata Ganin Ruwan Watari

A gidanmu ni ne masanin ƙasa, kuma ba wanda ya isa ya ja da ni, don na yi aji huɗu na firamare kafin mahaifina ya ga shanun huɗa sun fi malamin lissafi bukatata. Bayan wannan ilimi kuma, lokacin ina da ƙarfina, na taɓa zuwa Watari ƙwadagon noman rani, na yi wata biyu ina yi wa wani mutum ban ruwan tumatir. Wata biyun nan su nake ta ba da labarinsu har furfura ta cika mini gemu. Duk sanda aka zauna hira a tsakar gida sai na kawo zancen ruwan dam, kuma ban san yadda aka yi ba, kowace shekara ruwan sai ya ƙara faɗi a bakina.

Tsohuwata, wato matata uwar 'ya'yana, ruwan da ta sani a duniya bai wuce rijiyar gidanmu da kududdufin bayan gari ba. Takan ce, "Malam, yaushe za ka kai ni in ga ruwan nan naka?" Ni kuma in ce, "Bayan kaka." Haka kaka ta yi ta zuwa tana wucewa har muka aurar da autarmu.

Sai yanar ido ta fara rufe mata gani. Da rana tsaka tana gani daidai gwargwado, amma da zarar rana ta sunkuya komai sai ya koma mata hayaƙi-hayaƙi. Likita a birni ya ce aiki za a yi, ya sa ranar Litinin. Ranar Alhamis tana tsince wake da lalube ta ce mini, "Malam, ni ba aikin nake tsoro ba. Amma in aka taɓa idon nan bai dawo ba, shi ke nan, ruwanka sai dai in ci gaba da jin sa a bakinka."

A ranar na kira mijin 'yarmu ta biyu a waya. Malamin makaranta ne a Rijiyar Zaki, yana da 'yar mota mai tari kafin ta tashi. Ya ce, "Ba komai Baba, Asabar da sassafe ina nan tafe."

Na samu bayan tsohuwar kalanda na zana taswira. Na yi da'ira, na ce ga ruwa. Na ɗiga garuruwa a gefenta, na ce za mu zagaye shi kaf, mu ga kasuwa, mu ga gonakin shinkafa, mu ga masunta, mu dawo gida kafin Magariba. Abin da ilimina bai hango mini ba shi ne, duk garin da na ɗiga, na san shi ne don akwai ɗan'uwa a cikinsa. Kuskure na biyu kuwa, bayan sallar Juma'a na zauna a majalisa na baje kalandar kowa ya gani. Yanzu kowa da waya a aljihu. Kafin mu ɗaura takalmi, duk dangin da ke tsakanin Rimin Gado da Bagwai sun share ƙofar gida.

Garin farko 'yar ƙanwata ke aure a can. Na ce wa surukina, "Minti biyar, gaisuwa kawai." A wurinmu kuwa gaisuwa ba ta da minti. Sai an tambayi gida, a tambayi gajiya, a tambayi gona, a dawo a sake tambayar gida ko wani abu ya canza. Aka kawo ruwa, aka dama fura. Mun miƙe ke nan ta ce, "Haba Kawu, tukunya fa tana kan wuta!" Muka koma muka zauna. Da za mu tafi aka saka mana zakara da kabewa biyu a mota.

Gari na biyu ba mu da niyyar tsayawa, sai tsohuwa ta tuna an yi rasuwa a gidan aminin mahaifina tun damina ba mu je ta'aziyya ba. Wa zai wuce gidan da ake bin sa gaisuwar mutuwa, ga shi an ga motarsa? Muka shiga, aka yi addu'a, aka kawo ɗanwake. Maƙwabcinsu ya ji muna nan, shi kuma an yi masa haihuwa, sai barka. Can ma aka kawo ɗanwake, kuma ba dama ka ci na wancan gida ka ƙi na wannan.

Surukina, bawan Allah, kunya ba ta barin sa ya ci abinci a gabanmu. Duk gidan da aka ajiye kwano sai ya ce, "Baba, bari in duba taya." Yara su bi shi da nasa kwanon bayan mota. Ranar nan tayar motarsa ta sha dubawa har sau shida.

Mun yi Azahar a Bagwai, muka ratsa kasuwa a hankali, ina nuna wa tsohuwa tulin albasa da kwandunan tumatir kamar ni na noma su. Da muka fita gari muka tarar da hanyar ruwa ta siminti, irin wadda ke kai ruwan dam cikin gonaki. Shinkafa shar a dama da hagu, balbelu fari fat suna bin masu aiki. Tsohuwa ta leƙa ta taga, ta daɗe tana ƙyafta ido, sannan ta ce, "Malam, wannan ne ruwan?"

Na ce, "Wannan ɗansa ne."

Ta ce, "To alhamdu lillahi. Na ɗauka shi ne, don wannan ko ni sai in tsallake shi."

Surukina ya yi ta tari yana kallon gabansa.

Aka sake tsayawa gida biyu, ba zan gajiyar da ku da su ba. Mota dai ta cika: kabewa ta zama biyar, ga rake, ga ƙullin kuka, ga zakara yana ta mita a ƙarƙashin kujera. Muka yi La'asar, rana ta fara yin ja, kuma har lokacin ko ƙyallin dam ba mu gani ba.

Saura gari ɗaya tsakaninmu da ruwa, kuma nan taubashina yake, ɗan gwaggona, abokin wasana tun muna yawo ba wando. Gidansa a bakin hanya yake, kullum yana zaune a gindin darbejiyar ƙofar gida kamar mai karɓar haraji. Tun safe ya kira ni sau uku, ya ce ya sa an yanka agwagwa, in na kuskura na makara zai ba kare rabona. Na san shi sarai. Wanda ya zauna a tabarmarsa ba ya tashi sai an kira Magariba.

Na waiwaya na dubi tsohuwa a kujerar baya. Ta ɗora hannuwa a cinya, ta daina leƙen taga. Ta ce a hankali, "Mu tsaya kawai, Malam. Ba a wuce ƙofar ɗan'uwa. Na ga ɗan ruwan, ya isa."

Ban taɓa jin magana ta soke ni irin wannan ba.

Na ce wa surukina, "Malam, tsaya nan." Na fito na koma baya kusa da ita, na cire hulata, na ce ta ba ni mayafinta na biyu. Na zame ƙasa tsakanin kabewa da zakara, na lulluɓa. Na ce, "In ka zo ƙofar gidansa, taka mota. Kada ka dubi dama, kada ka dubi hagu. In an tambaya, ba na ciki."

Ya ce, "Baba, anya kuwa?"

Na ce, "Ni na ba ka 'ya ko kai ka ba ni? Taka!"

Dabara ce mai kyau, ban da abu biyu. Na farko, mutanen garin sun gina tudun rage gudu daidai ƙofar gidan taubashin nawa, dole mota ta rarrafa. Na biyu, matar da ta shekara saba'in ba ta taɓa wuce mutum a zaune ba ta gaishe shi ba, bakinta ba zai koyi shiru a rana ɗaya ba. Ina ƙarƙashin mayafi na ji ta ɗaga murya: "Sannunku da hutawa! Ina wuni?" Zakara kuma, da na danne masa fiffike, ya ƙwala ihu. Na ji muryar taubashina tana bin mu: "Kai! Kai! Ai ga takalmansa nan sun leƙo daga mayafi!"

Ba mu tsaya ba. Muka hau wani tudu, surukina ya kashe mota, ya ce, "Inna, mun iso."

Na kama hannunta muka taka har bakin ruwa. Rana tana nan, saura kamar tsawon mashi biyu ta faɗi, ta zuba haskenta a kan ruwan tun daga ƙafafunmu har inda ido ya gaza. Kwalekwale uku can nesa, masunta suna jan koma. Iska mai sanyi tana turo ruwan yana lasar yashi yana komawa. Tsohuwa ta saki hannuna. Ta kare goshi da tafinta, ta dubi gabas, ta juya a hankali ta dubi yamma. Ta durƙusa ta ɗebi ruwan ta shafa a fuska.

Ta ce, "Malam, a ina ya ƙare?"

Na ce, "Wallahi ban sani ba. Ban taɓa zuwa can ba."

Ta ce, "Ashe dai ba duka ne ƙarya ba."

Muna nan tsaye sai ga ƙarar babur. Taubashina ne, babbar riga tana kaɗawa, an ɗaure masa tukunya a baya da tsumma. Tun bai sauka ba ya fara: "Ina amaryar? Ina mai mayafin? Barka da zuwa, Hajiya! Tsoho da gemu, ka wuce ƙofata a kwance kamar buhun gero!"

Na ce, "Kai da ganinka ne ke sa mutum ya lulluɓa."

Tsohuwa ta gaya masa zancen aikin Litinin. Ya sauka daga babur ɗin. Sannan ya juyo kaina. "Wawan banza, da ka faɗa mini tun safe, ai da nan zan kawo tabarmar." Ya kwance tukunya, muka zauna a kan yashi muka ci agwagwa, ita tana ci tana kallon ruwa har ya koma mata hayaƙi. Surukina ya tafi duba taya.

Zagayen da na zana, ko kwatansa ba mu yi ba. Aikin ido kuwa Allah ya sa an dace da na dama, na hagu sai a hankali. Taubashina ya bi gari-gari ya ba da labari, har yau in na shiga taron dangi sai wani ya tambaye ni ko in zo da mayafi. Na haƙura.

Abin da ban haƙura da shi ba shi ne, an ƙwace mini labarina. Yanzu in aka zauna hira ita ke ba da zancen ruwan Watari, ni ina gefe. Jiya na ji tana gaya wa maƙwabciyarmu wai kwalekwale goma sha biyu ta ƙirga, kuma daga can tsallake ana hango fitilun Makka. Na buɗe baki zan gyara mata, ta dube ni da idon nan na dama, sai na ce, "Haka ne, ina wurin."