Dutsen Gugar Kabiru a Kan Haruffan Inna

Jama'a, yau bayan sallar asuba na koma na kwanta, na yi wani mafarki da har yanzu raina tafasa yake.

Sai kun san tushen maganar tukuna. Ni da abokina Kabiru muna haɗa wani gem na waya. Haruffan cikinsa irin na da ne, masu ɗigo-ɗigo da kusurwa, kamar na tsohuwar waya mai madannai. Innata ce ta zana su. Shekara da shekaru tana ɗinkin hula, ƙirga gida-gida sana'arta ce, shi ya sa na kai mata takarda mai gidaje. Wata biyu ta yi tana cike su da biro, idonta na zubar ruwa, don ganinta ya ja baya. Shekaranjiya na buɗe gem ɗin, na tarar Kabiru ya cire su kaf ya sa wasu sumul-sumul, wai na Inna ƙauyanci ne. Ko shawara babu! Na kasa gaya mata.

To, a mafarkin na gan ni cikin kasuwa, komai mai kusurwa huɗu, rumfuna, awaki, har rana. Allon kowane shago rubutun Inna ne. Ina cikin murna, sai kawai ga Kabiru da dutsen guga na gawayi, yana bin allunan ɗaya bayan ɗaya. Duk harafin da ya danna sai ya narke, ɗigon ya zubo ƙasa kamar gero. Na daka masa tsawa ya bari, ko waiwaye bai yi ba. Fito ma yake yi, ɗan rainin hankali. Na kai masa naushi, hannun ya ƙi ɗaguwa.

Sai kawai na gan ni a tsakar gidanmu. Inna na durƙushe tana tsintar ɗigon tana zubawa a faifai, kaji suna riga ta. Na kore su, suka dawo. Ta ce, "Auwalu, duba min, saura gida nawa?" Na sunkuya zan ƙirga. Da ta ɗago kai, idanunta gidaje biyu ne da ba a cike ba.

Bugun ƙofa ya tashe ni, na jiƙe sharkaf da gumi. Inna ce. Wai in yi cajin wayata sosai, ta gayyato Hajiya Ladi da sauran abokan ɗinkinta yau bayan la'asar, su zo su ga rubutunta a cikin waya. Har zoɓo ta jiƙa.

Aikin duka yana kwamfutar Kabiru, shi kuma tun jiya wayarsa a kashe. Wallahi in na gan shi yanzu, sai an raba mu.

Don Allah masu sanin fassara ku taimake ni. Mafarkin nan cewa yake in je in ɓalle masa ƙofa, ko in zaunar da Inna in faɗa mata gaskiya kafin baƙinta su yi sallama?