Rigar da Lantana ta sa aka yanka a kan awon wata

Wata rana wata mata, bari mu kira ta Lantana, ta je gun mai ɗinki da atamfar ankon saukar karatunsu na Islamiyyar matan aure. Saura wata biyu walima.

Tana zaune sai maƙwabciyarta Sa'ade ta shigo, ita ma da tata atamfar.

Aka auna Sa'ade. Matan da ke ɗakin suka hau yabo, wai ta zubar da teɓa, ta koma kamar ba ita ta haifi biyar ba. Wata ta ce ai an ce ta daina cin tuwo, sai nama da ƙwai.

Lantana ta yi murmushin yaƙe.

Tare aka kawo su unguwar nan. Shekara goma sha biyu ita ake cewa ta fi kyan jiki. Yau kuma ko kallonta ba a yi ba.

Sa'ade na fita, Lantana ta ce wa mai ɗinki ta yanka tata a kan awon Sa'ade. Mai ɗinki ta ja kunnenta cewa atamfa in an yanka an yanka, kuma irin wannan ta ƙare a kasuwa. Lantana ta ce ta ji, a yanka.

Katanga ɗaya ce tsakaninsu, amma ba ta iya buɗe baki ta tambayi Sa'ade yadda take yi ba. Ita za ta je koyo gun Sa'ade? Allah ya kiyaye.

Sai ta koma leƙe.

Mai ƙwai ya tsaya ƙofar Sa'ade ta sayi shida, Lantana ta sayi goma. Mai awara ta zo, Lantana ta ninka abin da Sa'ade ta saya. Ta yi sallama da tuwo da shinkafa. Da safe ƙwai soyayye cikin mai har yana iyo. Da rana awara da kifi soyayye. La'asar tsire da ƙuli, ga gyaɗa a kwano tana watsawa a baki kamar mai jan carbi. Shayi kuwa cokali uku na sukari, ai a ganinta shi ba tuwo ba ne.

Naman miyar yara ma ita ke tsincewa, tana ce musu magani take sha.

Kullum da safe tana jin fitar Sa'ade a ƙafa zuwa makaranta. Ita kuwa ta tare Keke Napep, ta wuce ta a hanya tana kau da kai.

Ana gobe walima ta je gwaji.

Riga ta tsaya a ƙirji, ta ƙi sauka. Aka ja, aka matsa, ɗinkin hammata ya ce ɓarat. Mai ɗinki ta sake aunawa, ta ce a hankali, an ƙaru da inci biyu.

Tana tsaye riga a wuya, hawaye na zuba, sai ga sallamar Sa'ade.

Kunya ta ƙare, sai baƙin ciki ya yi magana. Lantana ta dubi Sa'ade ta ce:

"Maman Nafi, tsakaninki da Allah, me kike ɓoyewa? Duk abin da kika saya na saya. Kin sayi ƙwai shida, na sayi goma!"

Sa'ade ta ce, "Maman Sagir, shidan nan mu bakwai ke rabawa. Ɗaya nake ci, dafaffe. Kuma wa ya ce miki na daina tuwo? Rage malmala na yi, na cika kwanon da zogale."

Ta ce gwiwa ce ta kai ta asibiti, har sallah ta koma yi a zaune. Ma'aikaciyar asibitin ta ce ta rage mai da sukari, ta riƙa cin wake da kifi da ganye daidai misali, ta riƙa taka ƙafa. Ita ba kyau ta je nema ba, sujada ta je nema.

Lantana ta rasa inda za ta sa idonta.

Sa'ade ta buɗe jakarta, ta ciro ragowar atamfarta da ta ajiye don ɗankwali na biyu, ta miƙa wa mai ɗinki ta ce a ƙara a gefe da gefe.

Washegari Lantana ta karɓi shahadarta cikin riga daidai jikinta. Ba wanda ya ga ƙarin, tunda anko ɗaya ne.

Ita kaɗai ta san ƙyallen wa ke rufa mata asiri.

Ranar Asabar da safe, ita ta fara buga ƙofar Sa'ade, da takalmin tafiya a ƙafarta.

Darasi:

Nama da ƙwai da awara ba laifi ba ne, suna gina jiki. Amma in kika jiƙa su da mai, kika ci ba iyaka, za su zauna miki ko da kin shekara ba ki taɓa tuwo ba. Ki tambayi ma'aikatan lafiya abin da ya dace da jikinki.

Kuma 'yar'uwa, abin da kika gani a ƙofar gidan wata ba shi ne abin da ke kwanonta ba. Hassada leƙe take sa ki, ba ta barin ki yi tambaya.

Allah ya wanke mana zukata, ya ba mu lafiyar da za mu yi masa sujada.

Ki tura wa wadda kika san ta yi fushi da tuwo a kan abin da ta hango a gidan wata.