Shekarar da Jakina Ya Sa Wando

A garinmu, nan kusa da Tajaye, in ana son tuna daminar da ta biyo bayan yunwar nan ta fari da fara, ba a cewa shekara kaza. Cewa ake yi shekarar da jakin tsohon nan ya sa wando. Ni ne tsohon. Tunda an saka ni cikin tarihi ba da shawarata ba, gara in rubuta abin da kaina, da ɗan karatun da na kwaso a lakwal, wato makarantar boko, kafin a kai ga lissafin rabawa in gudu.

Jakin shi ke ja mana guga. Rijiyarmu mai zurfi ce, in ka leƙa sai ka hango ruwan kamar ƙwayar ido. Hannu ba ya iya mata, sai a ɗaura wa jaki igiya ya yi ta tafiya har guga ta fito. Gidana da na maƙwabta duk da ƙafarsa muke sha. Da damina ta kankama, ƙuda suka same shi a ƙafafun gaba. Ɗan ƙurji ne da fari, ya zama gyambo. Na shafa toka, na shafa baƙin mai, na shafa man kaɗe, ƙuda suka ɗauka walima na shirya musu. Yini yake yana buga ƙafa, jini na bin kofato, ga shi ya fito daga yunwa haƙarƙari a waje. Wani makiyayi da ya duba shi ya ce in ba a raba gyambon da ƙuda ba, ba zai ga kaka ba.

To akwai wani wando da ɗana mai bidar kuɗi a Abijan ya aiko mini, irin shuɗin nan mai tauri da samari ke kira jin. Sau ɗaya na gwada shi a ɗaka, ya tsaya a cinya, ya ƙi gaba ya ƙi baya, sai da mai ɗakina ta zo ta ja. Tun ranar yake cikin adaka. Na ɗauko shi, na zura ƙafafun jakin a ciki, na ɗaure da igiya a kan doronsa. Kamar don shi aka auna.

Da safe muka nufi rijiya. Mata suka ajiye tuluna don kada dariya ta fasa su. Mai ɗakina ta ce, "Malam, ka rufa mana asiri, muna da surukai a garin nan." Na nuna mata jakin. Ya bar buga ƙafa, ya sunkuya yana cin ciyawa hankali kwance. Ta juya ta koma aikinta, wanda a wurinta babbar yarda ce.

Mai ƙara a kan wandon ya fito ne da la'asar, a gindin dogon yaron ƙofar masallaci inda dattawa ke zama. Taubashina ne, ɗan ƙanen uwata, wanda tun muna yara yake kirana bawansa ina kiransa bawana.

Ya ce, "Bawana, an ce ka yi wa ƙanenka kayan salla."

Na ce, "Na yi. Ya fi ka kyau a ciki."

Aka yi dariya, amma shi bai yi ba. Ya ce, "Bar wasa. Bara a garin nan mutane sun kai tufafinsu kasuwa sun sayo hatsi. Ɗan Adam Allah ya ɗaukaka, ba jaki ba. Mutum na yawo da tsumma, kai kana tufatar da dabba."

Na ce, "Ni ban ce jaki ya fi mutum ba. Ban kawo shi sahun gaba ba, ban nema masa mata ba. Cewa na yi yana jin cizo. In kana musu, kwana ɗaya a turkensa ya ishe ka."

"Cire wandon ka ba mabukaci."

"Ga ka, mabukaci na fari. Tashi mu je ka sa."

"Allah ya tsare ni."

"To faɗi mutumin."

Na zaci a nan zai maƙale, don galibin masu cewa mutane sun fi dabba, in ka ce su nuna mutum guda sai su fara duban sama. Amma ya rage murya ya faɗa. Wani magidanci ne a bakin gari, wanda ya dawo daga cin rani ba lafiya, hannu wofi. Taubashina ya ce, "Ba ka lura kullum a sahun baya yake ba, kuma ba ya tashi sai kowa ya fita? Wandonsa ya mutu a gwiwa da mazauni."

Gaskiya ce kuwa. Aka juya ga liman. Liman ya ce mutumin yana da hakki a kanmu, dabba ma tana da hakki a kan mai ita, ya ɗauki butarsa ya tafi alwala. Haka malamai suke, su kai ka bakin rijiya su tafi da guga.

Na koma gida ina auna abin. In na tuɓe jakin, ƙuda su dawo, ya mutu, mu koma jan igiya da hannu. Kuma in na kai wa magidanci wandon da gari duka ya gani a ƙafar jaki, na ba shi sunan da zai bi shi har jikoki. Wannan ba sadaka ba ce, cin mutunci ne. Sai na tuna ni ma ina da wando biyu, na yau da kullum da na shadda da nake zuwa Juma'a da shi.

Da na ɗauko na shaddar, mai ɗakina ta ce, "Malam, na Juma'ar?"

Na ce, "Shi. Babbar riga tana rufe sauran."

Ta ninke shi ta sa a ƙwarya, ta rufe da faifai kamar mai kai hatsi, ta kai wa matar mutumin. Tsakanin mata aka gama, ba wanda ya ji. Da Juma'a ta zagayo na gan shi a sahu na biyu, ya tashi tare da mutane.

Na samu taubashina a keɓe na ce, "Bawana, yaushe ka fara ganin gwiwar mutumin nan?"

Ya ce, "Tun bara."

"Wando nawa ne a adakarka?"

"Adakata ba ta cikin shari'ar nan."

"Tun bara kana kallo, ba ka tuna mutum ya fi dabba ba sai da jakina ya samu. Ashe da bai sa wando ba, da har yau bawan Allah na sahun baya."

Ya ce, "Da ban yi magana ba fa? Ni na ba da baki, kai ka ba da wando. Haka ake aikin gayya."

Abin da na dai gane, tausayi ba tiyar hatsi ba ne da in ka ɗibar wa jaki sai na mutum ya ragu. A wannan karon ma jakin ne ya buɗe rumbun.

Haka muka ƙare damina mu uku, ni da jaki da mutumin, kowa da wandonsa guda. Ranar wanki sai in ɗaura zanen mai ɗakina in zauna a ɗaka har ya bushe. Kuma a ranar ce kawai taubashina ke tuna yana da magana ta gaggawa da ni. Ya tsaya a ƙofar gida yana sallama da ƙarfi, yana cewa a ce wa Hajiya ta fito, wato ni mai zane.

Kafin a yanke gero gyambon ya kame, gashi ya fara rufe tabon. Na kwance igiyar na tuɓe shi, ya yi birgima a yashi ya tashi ya kama hanyar rijiya. Ya ƙara mana shekaru yana jan guga. Wandon kuwa mai ɗakina ta wanke ta mayar adaka, ta ce damina na dawowa.