Ruwan da Kaka Ta Ce In Duba

A gidanmu na Akwatialine ba a kashe murhu da wuri. Mahaifiyata waakye take sayarwa, wake da shinkafar nan da rabin Kumasi ke karyawa da shi, don haka da an idar da isha'i sai a ɗora babbar tukunyar wake a tsakar gida, a jefa karan dafi ya ba shi launi. Mai gadin tukunyar ita ce Kaka Zinatu, uwar mahaifina, wadda ta biyo mijinta fataucin goro daga Damagaram, ba ta sake komawa ba. Gidan haya ne, akwai Zabarmawa, akwai Dagomba, akwai Mosi, mu yara kuma Hausa ke haɗa mu, irin tamu ta zango da Kaka ke cewa an tauna an tofar. Mukan kewaye ta, hayaƙi yana korar sauro, yana kuma sa mu hawaye.

Ba kowane yaro ke yarda ya matsa kusa da ita ba, domin ita ke wankan gawar mata a unguwar. Ni dai rashin jin magana ya sa nake manne da ita, har na san halinta da ruwa. Ko gidan wa aka kira ta, sai ta ɗebi ruwan a tafin hannu ta kalle shi a haske, ta sansana, ta ɗanɗana, kafin ya taɓa mamaciya. Ta sha mayar da bokiti masu makoki suna harararta.

"Baƙuwar Allah ce za ta tafi," take cewa. "Ba na sallamarta da ruwan da ni ba zan sha ba."

Tatsuniyoyinta da yawa sun zube mini a hanya, amma akwai ɗaya da ta hana ni sakat har yau. Ita ba ta buɗe tatsuniya kamar kowa. Sai ta gyara itace ta ce, "Ga ta nan tafe, ƙafarta duk laka." Mu kuma mu amsa, "Ta wanke ta shigo!"

Wai an yi wani gari da babbar ƙorama ta ratsa tsakiyarsa. Wata rana mai wanki ya ga rairayi yana ƙyalli a bakin ruwa, ashe zinariya ce. Nan da nan kowa ya jefar da fartanya ya ɗauki diga. Suka haƙe gaɓar ƙoramar, suka haƙe cikinta, ruwa ya koma kamar koko. Aka je wa liman da tambaya, ko ya halatta a yi alwala da shi. Liman ya ce ruwan da ƙasar makwancinsa ce ta sauya masa launi, tsarkinsa yana nan. A nan Kaka takan ɗaga muciya ta nuna mu. "Kuma bai yi ƙarya ba, haka yake a littafi. Ku riƙe wannan." Mutanen garin suka yi hamdala suka koma rami.

Sai wani baƙo ya kawo musu magani mai nauyi, fari kamar azurfa, wanda ke tara zinariya wuri guda. Suka yi ta zuba shi. Kifi ya taso ciki sama, ruwa ya yi ɗaci, ya yi wari. Liman ya ce yanzu kam ba ya tsarkakewa, amma wanda ya rasa ruwa an yi masa rangwame, ya yi taimama da ƙasa. Wannan ma haka yake a littafi. Abin haushi, sai garin ya ji daɗi. Ba ɗiban ruwa, ba sanyin asuba, ka bugi ƙasa ka shafa, ka yi salla ka koma haƙa. Ruwan sha kuwa ayari ke kawo musu daga nesa a salka. Masallatai suka cika fiye da da, har aka yi musu ƙofofin zinariya. Ana haka bishiyoyi suka tumɓuke saiwarsu suka fice daga garin a jere, tsuntsaye a kansu. Hadari ya daina tsayawa, sama ta yi ja ta sauko ƙasa-ƙasa kamar murfin tukunya, yara suka taso ba su taɓa ganin an wanke fuska don salla ba. Daga baya ƙasar ma ta sha maganin, duk wanda ya buga tafinsa sai fatar ta sale.

"Kaka, su ba su jin tsoro ko kaɗan koraa?" in ji Fuseni, ɗan maƙwabtanmu Dagomba.

"Suna salla biyar a masallacin zinariya, tsoron me za su ji?"

Sai ayarin ya daina zuwa. A kwanakin 'yar liman ta rasu, aka kira tsohuwa mai wankan gawa. Babu ruwa, ƙasa kuma ba ta taɓuwa. Liman ya duba littafi har idonsa ya gaji, aka binne yarinyar haka. Washegari aka tarar da ita zaune a bakin kabarinta cikin likkafani, ƙasa ta mayar da ita. Haka aka yi da duk wanda ya mutu bayanta. Ba sa magana, ba sa kama kowa. Suna zaune ne kawai a bayan gari sun fuskanci gidajensu, suna jira a wanke su. Idan Kaka ta kawo nan, ko Fuseni mai baki sai ya janye ƙafafunsa daga duhu.

Tsohuwar ta ɗauki ƙwaryarta ta bi ƙoramar sama, tana neman inda ba ta ɓaci ba. A mafarinta ta tarar da wata mace kwance cikin laka, jikinta duk ramuka, leɓenta yana motsi. Ta kasa kunne ta ji tasbihi take yi da ƙyar. Ashe ita ce ƙoramar. Ta ce wa tsohuwa, "Kun tambayi liman ko ina tsarkake ku. Babu wanda ya tambaya ko kuna cutar da ni. Tun kafin a haifi kakanninku nake ambaton Ubangijin da kuke yi wa salla." Tsohuwa ta zube tana kuka. Duk rayuwarta da ruwa take aiki, ba ta taɓa sanin baiwar Allah ce 'yar'uwarta ba. Ta ajiye ƙwarya ta fara cike ramukan da hannunta. Liman ya biyo sawunta, ya tuɓe rawani ya durƙusa gefenta, mutane suka biyo ɗaya bayan ɗaya.

A daidai nan Kaka ke buɗe tukunya ta latsa ƙwayar wake. "Na sauke ta nan, mai ƙarfi ya ɗauka."

"Ei, Kaka! Ruwan ya dawo ko bai dawo ba? An wanke yarinyan?"

"Na baro su suna cikewa."

Haushin da nake ji Allah kaɗai ya sani. Na roƙa, na yi mata tausa, na yi fushi na ƙi cin abinci, ba ta ƙara ko kalma ba. Ranar da na ishe ta sai ta kama kunnena. "Rabi mai son ƙarshe, ga naki. Ranar tawa, ke za ki duba ruwan. Ki kalla, ki sansana, ki ɗanɗana, kada ki ji kunyar kowa." Na ce to ina dariya, domin a lokacin ban yarda Kaka tana mutuwa ba.

Allah ya ja kwananta har na yi aure a unguwar Atonsu, na haihu, ina koyarwa a Islamiyya. Ta rasu wata rana da hantsi. A makon famfon unguwa ruwa ja ya yi ta zubowa, ana cewa masu galamsey, haƙar zinariyar nan ta bayan fage, sun dagula koguna, daga baya ya ɗauke gaba ɗaya. Abin da ya rage a gidan shi ne wanda aka tara a duro. Maza sun cika ƙofar gida, ana so a kai ta bayan azahar. Aka kawo bokiti, na ɗiba a tafina. Na kalla, na sansana, na kasa kai shi baki. Na ce a mayar.

Anti Memuna, ƙanwar mahaifina, ta zaro ido. "Ei, Rabi, mutane suna jira fa! An tambayi Malam, ya ce laka ne kawai, ya halatta."

"Malam ya faɗi gaskiya, Anti. Amma a mayar."

Kafin ranar ban taɓa musa wa babba a cikin taro ba. Da fiya wata muka wanke ta, ruwan ledar nan na sha. Mata suka zauna a tsakar gida suna yage bakin leda da haƙori, suna matsewa a bokiti, wasu suna gunaguni, wasu suna kuka. Na ɗanɗana kafin ya taɓa ta. Kaka ta tafi fes, na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji.

Bayan maza sun ɗauke ta ne na lura da tsakar gidan. Ledoji ne ko'ina, ana tafiya suna ƙara a ƙafa. Anti Memuna ta share su cikin baho ta nufi kwatar bayan gida, inda kowa ke zubawa, inda ruwan sama ke kwashewa ya kai rafi. Na riƙe hannunta.

"To ina zan kai?" ta ce.

Na karɓi bahon daga hannunta. Na ɗura su a buhu na hau motar haya ta trotro da su har Atonsu, suka daɗe a bayan ƙofata kafin in samu masu tsintar leda su karɓa. Buhu ɗaya ke nan a cikin birni guda.

Da ina yarinya na ɗauka mutanen garin nan mugaye ne, ko wawaye. Yanzu na san masu salla ne kamarmu, masu zuwa wurin malam da ladabi, kuma duk amsar da aka ba su daidai ce. Tambayar ce kullum a kansu take tsayawa. Ni ma na cika alkawarin Kaka, amma da abin da zai shaƙe wani ruwan na cika shi, wannan kuwa ya hana ni jin daɗin cikawar. Ina da 'ya yanzu da ta isa in kama kunnenta in ce ranar tawa ita za ta duba ruwan. Sau da yawa na kira ta don in faɗa, sai in aike ta wani abu daban. Ban san abin da za ta samu ta duba ba.